Gregor Mendel, Mutumin Da Ya Ƙirga Wake

A gidajenmu mun sha jin manya suna cewa wane ya ɗauko hancin babansa, wance kuwa kakarta ce ta dawo sak. Wani lokaci ma uwa da uba duk gajeru ne, sai ga ɗansu ya fito zanƙalele, a ce ai kakansa na wajen uwa ya biyo. To, ina tsawon ya ɓuya lokacin da ya tsallake uwar? A shafin tarihi na wannan makon mun kawo muku labarin mutumin da ya fara gano amsar. Ba likita ba ne, ba kuma farfesa ba ne. Fada ne na addinin Kirista, wanda ya faɗi jarrabawar zama malamin makaranta har sau biyu.

An haife shi a watan Yuli na 1822 a wani ƙauye mai suna Heinzendorf. A lokacin ƙauyen yana ƙarƙashin daular Ostiriya, yanzu kuma yana cikin Jamhuriyar Cek. Sunansa na yanka Johann. Mahaifinsa Anton ƙaramin manomi ne, kuma a wurinsa yaron ya koyi kula da itatuwan lambu. Malaman ƙauyen sun ga yana da kai, sai suka ba da shawara a tura shi makarantar gaba a birni. Matsalar ita ce kuɗi. Yakan koyar da wasu yara domin ya sami na abinci, kuma yunwa da damuwa sun sha kwantar da shi ciwo. Ana cikin haka gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, ya ji rauni sosai, noma ya gagare shi.

A nan ne ƙanwarsa Theresia ta yi abin da ya burge mu. Ta ɗauki wani kaso na kuɗin da aka ware mata domin aurenta ta ba yayanta ya ci gaba da karatu. Bai manta ba. Da ya sami hali, shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

Duk da haka kuɗin bai kai shi ƙarshe ba. A 1843 ya shiga gidan fada-fada na ɗariƙar Augustine a birnin Brno. Kada a ɗauka Borno tamu ce, wannan can Turai take. A can aka ba shi sunan Gregor. Gidan ba na addu'a kaɗai ba ne, akwai babban ɗakin karatu, kuma shugaban gidan, Cyril Napp, mutum ne mai son sanin yadda ake inganta irin tumaki da na shuka. Mendel ya zama fada a 1847. Da aka sa shi ziyarar marasa lafiya sai ya kasa jurewa, ganin wahalarsu ya riƙa sa shi ma ya kwanta. Sai aka tura shi koyarwa. A 1850 ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, ya faɗi. Napp bai yanke ƙauna da shi ba, ya tura shi jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya karanci fiziks da lissafi da ilimin tsirrai. Ya sake zama jarrabawar a 1856, wannan karon ma bai samu ba. Haka ya yi shekaru yana koyarwa a sakandaren Brno ba tare da cikakkiyar takarda ba.

A zamanin, yawancin mutane sun ɗauka gado kamar haɗa fura da nono ne, na uwa da na uba su cakuɗe, ba mai iya raba su kuma. In haka ne, dogo da gajere kullum matsakaici za su haifa. Mendel ya so ya gwada da idonsa.

Ya zaɓi waken fis, koren waken nan mai zagaye da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Yana da dalili. Furen wannan wake a rufe yake, kuma shi yake ba kansa garin fure, wato abin da ke kama da bununin gero. Saboda haka iri ba ya gaurayewa sai in mutum ya sa hannu. Ya samo iri 34 daga masu sayarwa, ya shafe shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar kowane iri kansa yake haifa, dogo ya haifi dogo, gajere ya haifi gajere. Sannan ya ware siffofi bakwai da ba a rikita su. Daga ciki akwai tsawon kara, da launin fure, shunayya ko fari, da launin ƙwaya, rawaya ko kore, da kuma fatar ƙwaya, mai santsi ko mai tamoji.

Aikin na haƙuri ne. Sai ya buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire ɓangaren da ke fitar da garin, ya ɗebo gari daga wani furen ya shafa masa, sannan ya kare shi daga ƙwari. Fure ɗaya bayan ɗaya. Daga 1856 zuwa 1863 ya bi ta kan tsirrai wajen 28,000 a lambun gidan nasu. Mu da ƙirga kofi goma na wake ke gundura, mun jinjina masa.

Ga abin da ya gani. Ya haɗa dogon iri, mai kai ƙafa shida, da gajere wanda bai wuce ƙafa ɗaya da rabi ba. 'Ya'yan da suka fito duk dogaye ne, babu matsakaici, babu gajere ko ɗaya. Kamar gajartar ta ɓace. Sai ya bar waɗannan 'ya'yan suka ba kansu garin fure, ya shuka jikoki. Sai ga gajarta ta dawo. Wasu masu lambu kafin shi sun lura da irin wannan, amma shi abin da ya bambanta shi shi ne ya zauna ya ƙirga. Dogaye 787, gajeru 277. A fatar ƙwaya, masu santsi 5,474, masu tamoji 1,850. A launi, rawaya 6,022, kore 2,001. Mun ɗauki biro mun raba da kanmu, kuma muna roƙon mai karatu ya gwada. Kowanne yana ba da kusan uku a kan ɗaya. Duk siffofin bakwai haka suka fito.

Daga wannan lissafin ya fahimci cewa kowace shuka tana ɗauke da abubuwan gado guda biyu na kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yau muna kiran su ƙwayoyin gado. Ba sa narkewa cikin juna. In na tsawo da na gajarta suka haɗu a jiki ɗaya, na tsawo ke bayyana, shi ne mai rinjaye. Na gajarta yana nan lafiya lau, ya yi kwance ne kawai. Idan lokacin haihuwa ya zo, biyun sukan rabu, kowane mahaifi ya ba da ɗaya tak. To, in uwa tana da dogo da gajere, uba ma haka, hanyoyi huɗu ne: dogo da dogo, dogo da gajere, gajere da dogo, gajere da gajere. Uku na farko duk dogaye za a gani. Na ƙarshe ne kaɗai gajere. Ga uku a kan ɗaya ta fito. Ya kuma gwada siffofi biyu a lokaci guda, ya ga launin ƙwaya bai damu da santsinta ba, kowanne hanyarsa yake bi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, tsawon ɗan Adam ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba kamar na waken fis. Ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, ga kuma abincin da yaro ya ci yana girma. Launin fata ma ƙwayoyi da yawa ne. Shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya kowa da kamarsa. Amma dokar cewa kowane mahaifi rabi yake bayarwa, kuma abu yana iya ɓuya ya dawo, tana aiki a kanmu.

A ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865 Mendel ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masu binciken halittu ta Brno, aka buga shi a mujallarsu a 1866. Shiru kake ji. Masana tsirrai na lokacin ba su saba ganin lissafi a cikin maganar furanni ba. Ya aika wa wani babban masani, Carl Nägeli, suka yi ta musayar wasiƙu, amma Nägeli bai gane darajar abin ba. Mendel ya koma gwaji da wani ciyayi da ake kira Hieracium, sakamako ya ƙi fitowa kamar na wake. Daga baya ne aka gano ciyayin yakan yi iri ba tare da garin fure ya shiga ba, wato laifin ba na lissafin Mendel ba ne.

A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan. Aikin ofis ya cinye lokacinsa, ga kuma rigimar da ya daɗe yana yi da gwamnati kan wani haraji da ta ɗora wa gidajen ibada. Ya ci gaba da kiwon zuma da rubuta bayanan yanayi kullum. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884 yana da shekara 61. Bayan rasuwarsa aka ƙone yawancin takardunsa. Mutanen Brno sun yi jana'izar shugaban gidan ibada mai kirki, ba su san wanda suka binne ba.

Sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa, masana uku suka fito da sakamako irin nasa, suka kuma ambaci takardarsa ta 1866. Su ne Hugo de Vries na Holan, da Carl Correns na Jamus, da Erich von Tschermak na Ostiriya. Mendel bai taɓa ganin ƙwayar gado ba, bai kuma san da me aka yi ta ba. Daga baya aka gano rubutu ce a jikin wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma haruffa huɗu ne kacal ake jujjuyawa. A 1953 aka gano siffar zaren.

Akwai tambayar da Mendel bai kai ga amsawa ba: tun farko me ya sa aka sami wake mai santsi da mai tamoji? Duk wanda aka taɓa sa shi kwafar rubutu daga allo ya san ana iya tsallake harafi ko a musanya shi. Jiki ma yana kwafar DNA, kuma jefi-jefi akan sami kuskure. Wannan shi ne sauyin ƙwayar gado, kuma daga gare shi sababbin siffofi ke samo asali. Yawancinsu ba sa cutarwa ba sa amfanarwa, wasu suna cutarwa, kaɗan kuma suna da amfani. A 1990 masana a Ingila suka gano cewa wani guntun DNA ne ya kutsa cikin ƙwayar gadon da ke taimaka wa wake haɗa sitaci, ya lalata ta. Sai sukari ya yi yawa a cikin ƙwayar waken, ta sha ruwa da yawa, in ta bushe ta yamutse. Tamojin da Mendel ya ƙirga sau 1,850 ke nan.

Abin da ya sa muka dage sai mun rubuta wannan tarihi shi ne sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kuma da wuya a sami ɗalibin da bai san mai fama da ita ba. Asalinta harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke yin sinadarin jan jini. Mai AS yana da lafiyayya ɗaya da mai sauyi ɗaya, yawanci ba ya ciwon, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu masu sauro. In AS ya auri AS, lissafin waken nan ne: AA, AS, AS, SS. Dalilin gwajin jini kafin aure ke nan.

Abubuwa biyu ne muke jin mutane suna kuskurewa. Na farko, akan ɗora wa uwa laifi, a ce daga danginta ciwon ya fito. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya kuma karɓi S daga uba. Na biyu, wasu suna zaton ɗaya cikin huɗu na nufin in an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya samun biyu ko uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Shi kansa Mendel a kwanson wake ɗaya ba ya ganin uku a kan ɗaya, sai da ya tara dubbai. Wanda ke son gani da idonsa ya sami kwano biyu, ya zuba farin wake 50 da jan wake 50 a kowanne, ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga nan ɗaya daga can, ya rubuta, ya mayar, ya yi ta maimaitawa. Ja da ja shi ne SS. Ya lura da yadda yake zuwa a jere wani lokaci, wani lokaci kuma ya daɗe bai zo ba.

Gidan da Mendel ya zauna yana nan a Brno, akwai gidan tarihi da sunansa a ciki. A 2021, ana shirin cikarsa shekara 200 da haihuwa, masanan ƙasar suka buɗe kabarinsa da izinin fada-fadan gidan, suka ɗebi DNA daga ƙasusuwansa, suka karanta ƙwayoyin gadonsa, sannan suka mayar da shi.