Robert Bakewell: Manomin da ya sauya kiwon shanu a Ingila

A yau, kafin manyan gidajen kiwo na Turai da Amurka su sayi bijimi, sai sun duba alƙaluman da ke nuna irin 'ya'yan da ake sa ran zai haifa. Masana tarihin noma na danganta mafarin wannan tsari da Robert Bakewell, wani manomi ɗan ƙasar Ingila da ya rasu fiye da shekaru 200 da suka wuce.

An haifi Bakewell a ranar 23 ga watan Mayun shekarar 1725 a gonar Dishley da ke kusa da garin Loughborough a lardin Leicestershire. Iyayensa ba su mallaki gonar ba, haya suke biya, kuma faɗinta ya kai kimanin eka 440.

Tun yana saurayi ya yi ta yawo a sassan Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, yana lura da yadda ake noma da kiwo. A shekarar 1760 ne ya karɓi ragamar gonar daga hannun mahaifinsa.

Yadda ya tarar da kiwo

A wancan zamani, galibin manoman Ingila suna ajiye shanu ne domin huɗa da jan kaya da kuma nono, tumaki kuwa domin ulu da taki. Sai dabba ta tsufa, ƙarfinta ya ƙare, sannan a kai ta mahauta.

A ƙauyuka da dama, dabbobin jama'a na kiwo ne a makiyaya guda, maza da mata a cakuɗe, kowane sa na iya barbarar kowace saniya. Saboda haka da wuya makiyayi ya san uban maraƙinsa, balle ya san abin da ya gada.

Sai dai kuma lokacin ya zo daidai da bunƙasar biranen Ingila, inda jama'a ke ƙaruwa, buƙatar nama kuma na ƙaruwa tare da su. Bakewell ya fahimci cewa kasuwa na neman dabbar da za ta yi ƙiba da wuri, da abinci kaɗan.

Dabarunsa

Abu na farko da ya yi shi ne raba maza da mata, ta yadda babu barbarar da za a yi sai wadda shi ya zaɓa.

Na biyu, ya tsayar da siffar dabbar da yake nema: ƙananan ƙasusuwa, gajerun ƙafafu, faffaɗan gadon baya, da tsoka mai yawa a sassan da mahauta suka fi sayarwa da tsada. Ya kan auna abincin da dabba ta ci, ya kwatanta da nauyin da ta ƙara. A gidansa ya ajiye kwarangwal da yankakken naman fitattun dabbobinsa cikin ruwan gishiri, domin ya riƙa gwada na baya da na yanzu.

Na uku, wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce, shi ne haɗa dabbobi 'yan tsatso ɗaya, kamar uba da 'yarsa ko uwa da ɗanta. Makiyayan zamaninsa na ƙyamar hakan, amma shi ya lura cewa ta wannan hanya ce siffar da ake so ke zaunawa a cikin garke ba tare da ta sirke ba.

Da waɗannan dabaru ya gyara shanun Longhorn masu dogayen ƙahoni. Ya fara ne da karsana daga garken wani makiyayi mai suna Webster na ƙauyen Canley, da bijimi daga yankin Westmorland. Daga cikinsu aka samu saniyar da ake kira Old Comely da ɗanta, bijimi Twopenny, wanda sunansa ya zaga ƙasar.

Haka kuma ya samar da tumakin New Leicester, waɗanda suka fi shanunsa yin fice, ya kuma inganta baƙaƙen dawakin jan kaya da daga baya suka zamo tushen irin Shire.

Ba da hayar maza

Dabarar da ta fi daɗewa tana amfani ita ce ta ba da hayar raguna da bijimai na tsawon kakar barbara, a maimakon sayar da su.

Ta haka namiji guda kan haifi 'ya'ya a gonaki daban-daban, masu ciyawa da kulawa iri-iri. Idan 'ya'yan suka yi kyau a ko'ina, Bakewell ya san alherin daga uban yake, ba daga kiwo ba, sai ya mayar da shi cikin garkensa. Idan kuwa suka gaza, sai ya fitar da shi, komai kyan ƙirarsa.

Da farko maƙwabtansa sun yi masa dariya. A wajajen shekarar 1760, kuɗin hayar ragonsa bai wuce kimanin sule 16 ba. Amma a shekarar 1789, raguna uku kacal sun kawo masa gini 1,200, alhali gini guda daidai yake da fam ɗaya da sule ɗaya.

A shekarar 1783 shi da wasu makiyaya suka kafa ƙungiyar Dishley, wadda ta gindaya ƙa'idoji kan hayar raguna domin kare irin da kuma farashinsa.

Suna da karayar arziki

Gonar Dishley ta zama wurin ziyarar manoma da masu sarauta daga ciki da wajen Birtaniya. Fitaccen marubucin harkokin noma, Arthur Young, ya je ya gani, ya kuma yi rubutu a kan dabbobin da yadda ake ban-ruwa a makiyayar. Baƙi da dama sun yaba da yadda shanun suke da lafiyar hali, domin Bakewell ya hana ma'aikatansa dukansu.

To amma gwaje-gwajen da ɗawainiyar baƙi sun ci kuɗi. A shekarar 1776 arzikinsa ya karye, sai da masoyansa suka yi karo-karo kafin ya farfaɗo.

Bakewell bai yi aure ba, bai kuma rubuta littafi a kan dabarunsa ba. Ya rasu a Dishley a ranar 1 ga watan Oktoban shekarar 1795, yana da shekaru 70.

Inda ya gaza

Shanun da ya sha wahala a kansu ba su daɗe suna tashe ba. Saboda ya mayar da hankali ga nama da kitse kawai, nonon shanun Longhorn ya ragu, haihuwarsu ma ta yi rauni, abin da ake dangantawa da yawan haɗa 'yan tsatso ɗaya. Naman tumakinsa kuma ya yi kitsen da ya wuce kima.

Waɗanda suka ci gajiyar darasin su ne 'yan'uwa biyu, Charles da Robert Colling, na lardin Durham. Charles ya ziyarci Dishley, daga bisani suka yi amfani da dabarun a kan shanun Shorthorn masu gajerun ƙahoni, waɗanda ke ba da nama da nono baki ɗaya. A shekarar 1810 aka sayar da bijimin Charles mai suna Comet a kan gini 1,000, kuma cikin 'yan shekaru Shorthorn suka ture Longhorn a kasuwa. A shekarar 1822 aka wallafa littafin farko na asalin shanun Shorthorn.

Abin da ya bari

Bakewell ya yi aikinsa ne ba tare da sanin ƙwayoyin halitta ba, domin sai a shekarar 1866 Gregor Mendel ya wallafa bincikensa a kan gado. Duk da haka, Charles Darwin ya ambaci Bakewell a littafinsa na shekarar 1859, a matsayin misalin yadda zaɓen ɗan Adam ke sauya siffar dabba.

A ƙarni na 20, masana irin su Jay Lush da Charles Henderson na Amurka sun mayar da gwajin uba ta hanyar 'ya'yansa zuwa lissafi, wanda ke bambance abin da dabba ta gada da abin da kiwo ya ba ta. A shekarar 2009 Amurka ta fara tantance shanun madara a hukumance ta hanyar binciken ƙwayoyin halitta, wanda ke ba da damar ƙiyasta darajar maraƙi tun yana jariri.

Ma'aunan da ake amfani da su a yanzu sun haɗa da yawan haihuwa, da lafiya, da tsawon rai, ba nama ko nono kaɗai ba. Waɗannan su ne abubuwan da Bakewell bai ba su muhimmanci ba, har shanunsa suka rasa kasuwa 'yan shekaru bayan rasuwarsa.