Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya: Jarumin Tarihi a Ma'aunin Wasan Kwaikwayo

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, jikan Abubakar Atiku, ya hau karagar Sakkwato a watan Oktoban 1902 bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Bai cika wata shida a kan mulki ba dakarun Ingila suka auka wa birnin. A ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, inda bindiga mai ruwa ta rinjayi mahaya dawaki. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu domin tsare addinin jama'a, shi kuwa Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, dubban talakawa suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar ayarin har Sudan.

Wannan rayuwa ce Ahmed Yerima ya gina wasansa na Ingilishi mai suna Attahiru a kanta. Manazarcin da ya ɗauko ma'aunin Aristotle zai nemi aibin da ya kayar da jarumin, ya kira shi taurin kai. Sai dai ma'aunin bai dace ba. Ai zaɓi tsakanin yaƙi da sulhu da hijira mas'ala ce ta fiƙihu da malaman daular suka yi saɓani a kanta, kuma kowanne da hujjarsa. Tushen tashin hankalin Attahiru ƙuncin zaɓin ne, domin babu hanyar da za ta tsirar da daula da aƙida gaba ɗaya.