Alhaji Abubakar Imam, Mai Magana Jari Ce

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, ya kuma yi karatu a Kwalejin Katsina. Littafinsa na farko, Ruwan Bagaja, ya fito a 1934, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta ɗana wa juna tarko. A Magana Jari Ce kuwa, aku ne ya riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai dare bayan dare, don kada ya faɗa makircin Waziri. Jigon dai shi ne, iya magana na kare rai. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya cikin 1981, amma har yau ɗalibai na nazarin littattafansa.