Fulorens Naitingel: Matar Da Ta Yi Wa Asibiti Lissafi

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti ya san yadda nas kan zo da safe ta auna zafin jiki, ta tambayi abin da aka ci, sannan ta rubuta a takardar majinyaci. Wasunmu har ƙorafi suke yi wai rubutu ya fi magani yawa. To, cikin waɗanda suka fi dagewa a kan lallai a lura da marar lafiya kuma a rubuta abin da aka gani, akwai wata Baturiyar Ingila mai suna Fulorens Naitingel.

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Fulorens na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke yawon buɗe ido, shi ya sa ta ci sunan garin. Gidansu gidan dukiya ne, kuma ubanta da kansa ya koyar da ita harsuna da tarihi, ita kuwa ta fi ƙaunar lissafi. A zamanin nan aikin jinya ba abin da 'yar mutunci za ta yi ba ne a Ingila, ana ganinsa aikin matalauta da mashaya. Da ta ce shi take so, sai gida ya yamutse. Ta ƙi manema aure, ta yi ta lallaɓawa har 1851, sannan ta sami tafiya Jamus ta yi 'yan watanni tana koyon aikin. A 1853 aka ba ta riƙon wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Ana nan sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke, inda Ingila da Faransa suka mara wa Turkiyya baya a kan Rasha. Jaridu suka cika da labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa ba mai kula. A watan Oktoba 1854 gwamnati ta tura ta da mata 38 zuwa Skutari, wata unguwa a Santambul, inda aka mai da wani tsohon bariki asibiti. Ta tarar da mutane kwance cikin ƙazanta, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, ba sabulu, ba isassun riguna. Ta kafa wurin wanki, ta gyara girki, ta sayo kaya da kuɗin gudummawa. Da dare takan zaga da fitila tana duba su, abin da ya sa aka yi mata laƙabi da mai fitila.

A nan yawancin masu ba da labarinta kan tsaya, amma gaskiyar magana ita ce mutuwa ba ta ragu da zuwanta ba. A hunturun farko sama da soja 4,000 suka mutu a asibitin, kuma atuni da kwalara da zazzaɓin taifot sun kashe ninki goma na waɗanda rauni ya kashe. Ashe ginin a kan toshasshen lambatu yake zaune, iskar masai na komowa cikin ɗakuna. Sai a Maris 1855 aka aiko kwamitin tsabta daga Landan, suka yashe kwatoci, suka buɗe wa iska hanya, har mushen doki suka ciro daga hanyar ruwan sha. Cikin 'yan watanni mace-mace suka sauko daga wajen kashi 42 cikin 100 zuwa kashi 2.

Da ta koma gida a 1856, ga suna ga yabo, ba ta zauna cin yabon ba. Ta haɗu da wani masanin ƙididdiga, Wiliyam Far, suka baje takardun sojan nan suna bi wata-wata, kamar yadda ɗan kasuwa ke bin littafinsa in ya ga uwar kuɗi na zurarewa bai san ta ina ba. Lissafi ya nuna ƙarara cewa ƙazantar gini ce babbar makashiya, ba ƙarancin abinci kaɗai ba kamar yadda ta fi zato da farko. Ta kuma gano cewa soja da ke zaune a bariki cikin Ingila, ba yaƙi ba komai, suna mutuwa kusan ninki biyu na tsararsu farar hula. Da yake ta san manya ba su da haƙurin karanta dogon lissafi, sai ta zana shi a da'ira mai launi-launi, kowane wata da yankinsa, yadda ko daga nesa za a ga cuta ta rinjayi harsashi. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa. Ta kuma nemi asibitoci su riƙa rubuta bayanan majinyata iri ɗaya, don a iya gwada wannan da wancan.

Kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta, wajen fam 45,000, da su aka buɗe makarantar nas-nas a asibitin Sen Tomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15. Shekara guda ake yi ana koyo a gefen gado, kowace ɗaliba tana rubuta abin da ta lura da shi, ana kuma ba da rahoton aikinta da halinta duk wata. Mafi yawan wannan hidima daga kan gado ta yi ta, don ciwon da ta kwaso a Kirimiya ya kwantar da ita shekaru da dama. Daga ɗakin nan ta yi ta bibiyar tsabtar bariki da ƙauyukan Indiya, alhali ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin nata bai san na gida ba. Akwai makarantar ungozomomi da aka buɗe da kuɗin asusunta a 1861, amma da zazzaɓin bayan haihuwa ya riƙa ɗaukar mata a wurin, sai aka rufe ta a 1867, ta kuma wallafa bincike a 1871 da ya nuna haɗarin cusa masu jego kusa da marasa lafiya. Kada wani ya riƙe wannan hujjar hana iyali zuwa asibiti, don lokacin ba a gama sanin ƙwayoyin cuta ba, balle maganinsu.

Ba kome ta dace ba. Ta yi adawa da yi wa nas-nas rajistar gwamnati, a ganinta takardar jarrabawa ba ta auna hali, kuma nas ba ta gama koyo. Maganar ci gaba da koyo ta yi gaskiya, amma rajista na kare majinyaci daga 'yan bogi, kuma Ingila ta kafa dokar a 1919.

A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta wata babbar lambar girma da ba a taɓa bai wa mace ba. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90, aka binne ta a maƙabartar danginta a ƙauye. Makarantarta kuwa ta ci gaba, har wata 'yar Legas, Kofoworola Pratt, ta shige ta a 1946. Ita ce ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Badun a 1964.