Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun da Bashin da Yake Bin Gidajen Rediyo

A wannan yanki namu da wuya a samu wanda bai san muryar Ɗanƙwairo ba. Tana tashi a motar haya, tana tashi a shagon tela, tana tashi a wayar wanda ke gadon da ke kusa da naka. Amma da yawa cikinmu sun san muryar ne kawai, ba su san mai ita ba, ba su kuma san cewa ɗan nan yankin ne, tsakanin Bakura da Maradun. Shi ya sa na ga ya dace in kawo tarihinsa a wannan fitowa, sannan in ɗora da wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya: me ya wajaba gidan rediyo ya yi ranar da irin wannan mutum ya bar duniya?

An haifi Musa wajajen shekarar 1909 a ƙauyen Ɗankadu da ke ƙasar Bakura, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Kiɗa gadonsa ne, ba haye ya yi ba. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma gidansu ya zauna a ƙasar Maradun yana yi wa sarauta hidima, dalilin ke nan sunan Maradun ya bi shi har kabari. Laƙabin da ya danne sunan yanka kuwa, abin da masana tarihinsa suka rawaito shi ne, akwai wani mai suna Ƙwairo a cikin yaran mahaifinsa, mai zaƙin murya. Da yaron ya taso aka ji muryarsa ta yi kama da ta wancan, sai aka shiga ce masa Ɗanƙwairo.

Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa wurin kiɗan noma. Wanda ya tashi a birni ba lalle ya gane nauyin wannan makaranta ba. A wurin gayya, makaɗi na bayan manoma yana zuga su, yana kiran sunan kowane jarumi da na ubansa da na kakansa. In ya yi kuskuren suna, nan take za a gyara masa, in waƙar ba ta ratsa jiki ba, a kan fartanya zai gani. A nan ya koyi abu biyu da suka riƙe shi har tsufa: haddace asalin mutane, da sanin kalmar da ke motsa zuciya.

Bayan mahaifinsu, ragamar ƙungiyar ta koma hannun yayansa, Abdu Kurna, shi kuma Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki mai jiran gado. Ya daɗe a wannan matsayi yana amshi kafin ya zama jagora. Kayan kiɗansu kotso ne, irin na makaɗan fada. Kuma duk mai sauraro da kunnen basira ya san ƙarfin waƙar Ɗanƙwairo ba a muryarsa kaɗai yake ba. Shi zai ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, su yi ƙari, sannan a faɗa kan amshi tare kamar da baki ɗaya. Wannan aikin shekaru ne na zama tare, ba abin da ake haɗawa a kwamfuta cikin dare ɗaya ba ne.

Ba shi kaɗai wannan yanki ya haifa ba. Daga Faru ta ƙasar Maradun aka samu Sa'idu Faru, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a nan Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Can ƙasar Isa kuma ga Ibrahim Narambaɗa. Cikin irin waɗannan gwanaye Ɗanƙwairo ya yi fice, kun ga kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Sunansa ya game Arewa a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi wa waƙoƙin da har yau ake ji. Bayan an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda minista ne a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta a 1966, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero da wasu sarakuna da dama. A cikin waƙoƙin nan akwai yabo, akwai kirari, akwai jerin kakannin sarki, akwai zambo da habaici ga 'yan adawar sarauta, akwai kuma gargaɗi kan noma da riƙon talakawa.

To ina rediyo ya shigo? Waƙar fada, a asalinta, ta waɗanda ke ƙofar fada ce. Wanda bai je hawan salla ko naɗin sarauta ba, sai dai a ba shi labari. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, wanda daga baya ya zama Rediyon Tarayya Kaduna, sai aka riƙa ɗaukar makaɗa a faifai ana watsawa a gajeren zango. Rima Rediyo ta Sakkwato ita ma ta yi nata. Ta haka manomi a Bakura da ɗan kasuwa a Maraɗi da ɗan ci-rani a zangon Kumasi suka zama masu sauraron abu ɗaya. Rediyo ya kai Ɗanƙwairo inda ƙafarsa ba ta taka ba, shi kuma ya tara wa rediyo masu sauraro shekara da shekaru. Cuɗanni in cuɗe ka ne.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 13 ga Satumba, 1991, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Lokacin ba a ma ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, sai a 1996, kuma gidajen rediyo duk na gwamnati ne, don sai a 1992 aka yi dokar da ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Yau tashoshin FM sun yi yawa, ga Facebook ga WhatsApp. Tun daga lokacin mun rasa Mamman Shata a 1999, mun rasa Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma sauran tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da na saba ji in an yi irin wannan rashi kala biyu ne: ko dai a yi sanarwar minti ɗaya a wuce, ko a wuni ana sako gutsattsarin waƙoƙi tsakanin tallace-tallace, jibi a manta. Ni a ganina duka biyun ba su biya bashin ba.

A wasu ƙasashe hanyar a fili take. Da Franco, babban mawaƙin Kwango, ya mutu a 1989, gwamnatin ƙasar, wadda ake kira Zayar a lokacin, ta sa makokin kwana huɗu, rediyon gwamnati ya riƙa sa waƙoƙinsa ba ƙaƙƙautawa. Mu namu daban ne. A nan gawa tana da alfarmarta, kuma mutane da yawa, har da iyalan mamacin, ba za su ji daɗin jin kotso na tashi ba alhali ana haƙa kabari. Don haka ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Farko dai, a tabbatar kafin a faɗa. Sau nawa aka kashe mutum a waya yana zaune yana cin tuwo? Gidan rediyo ya ji daga bakin iyali ko fada tukuna, sannan ya sanar, tare da lokaci da wurin jana'iza. Kwana ukun zaman makoki kuma a bar su ga addu'a da ta'aziyya da ba da tarihinsa da baki. Ba a rasa komai ba don an jinkirta kiɗa kwana uku.

Bayan nan sai a buɗe faifai, amma a sa waƙa cikakkiya. Waƙar fada in an yanke ta a tsakiya, an yanke zancen ne. Kuma a zo da mai bayani. Ɗanƙwairo da Zamfarci yake waƙa, inda Tsafe ke zama Tsahe, kuma cike take da sunayen sarakuna da garuruwa da habaicin da yaron yau ba zai gane inda aka dosa ba. Mai gabatarwa ya faɗi wa aka yi wa waƙar, a wane zamani, kan wane dalili. Masana suna nan: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan makaɗan Hausa. A kuma nemo 'yan amshi da makaɗan da suka rage, a ambaci sunayensu, don su ma da guminsu a ciki.

Abu na gaba shi ne ajiya, kuma shi ya fi gaggawa. Tsohon tef ba ya jure zafi da laima da ƙura, kuma na'urorin da ke juya shi suna ƙarewa. Faifan da ya lalace ya tafi ke nan, don mai shi ba zai dawo ya sake rerawa ba. Rasuwar makaɗi ita ce ranar da ya kamata shugaban tasha ya sa a buɗe ɗakin ajiya, a kwafe komai zuwa kwamfuta, a rubuta sunan waƙa da shekarar ɗauka, a ba iyali kwafi, a ba ɗakunan karatu kwafi.

Sai haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. In ka lissafa daga 1991, sai 2061. Tashar da ke karɓar kuɗin talla a shirin da muryar mamaci ke riƙe da shi, ya kamata ta san hanyar gidan magadansa. Na ƙarshe, kada tunawa ta zama ta mako guda. Shiri ɗaya duk shekara a ranar da ya rasu bai fi ƙarfin kowace tasha ba.

Mu ma ɗalibai da namu rabon. Cikinmu akwai masu burin aikin jarida, akwai masu karatun kwamfuta, kuma gobe mu ne za mu zauna a bayan makirufo. Daga nan makaranta zuwa Bakura ko Maradun ba wata tafiya ba ce, duk da matsalar tsaro ta sa hanya ta zama abin taka-tsantsan. Amma da yawanmu 'yan can ne, muna komawa hutu. Tsohon da ya ga Ɗanƙwairo da idonsa yana nan a unguwarku, wataƙila ma kakanka ne. Ka zauna da shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki hirar a wayarka, ka rubuta kwanan wata. In akwai tsohon kaset a ƙasan akwati, a fito da shi tun bai ruɓe ba. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ware ranar 13 ga Satumba mai zuwa don a tattara abin da aka samo, a miƙa wa ɗakin karatu.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.