Angus Buchanan: Baturen da ya bi tsuntsaye daga Kano zuwa Sahara

Tsakanin watan Maris da Afrilu, tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu kan yada zango a fadamun ƙasar Hausa, su yi kiwo su tara ƙarfi kafin su tsallake Sahara zuwa Turai. Rafin Jakara, wanda ya taso daga cikin birnin Kano, kan wannan hanya yake. A irin wannan lokaci ne, cikin shekarar 1922, Kyaftin Angus Buchanan ya ɗaura wa raƙuma kaya a Kano, ya nufi inda tsuntsayen suka nufa.

An haife shi a 1886 a tsibiran Orkney na Sukotland. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Gabashin Afirka, har ya sami lambar yabo. Ya fara zuwa Kano a ƙarshen 1919 bisa aiken Lord Rothschild, attajirin da ke da gidan adana halittu a garin Tring na Ingila. Ya kafa tanti a Fanisau, ya koya wa samarin da ya ɗauka aiki, cikinsu har da Sakari, yadda ake feɗe tsuntsu ba tare da an ɓata gashinsa ba. Daga nan ya wuce Damagaram da Agadas zuwa duwatsun Azbin.

Masanan wancan zamani da bindiga suke nazari: sai an harbo tsuntsu a auna shi kafin a ba shi suna. Tafiya ta biyu ta ɗan sauya wannan, domin Buchanan ya zo da mai ɗaukar hoto, T. A. Glover. Sun fi shekara guda a hanya, suka isa Touggourt ta Aljeriya a 1923. Raƙuminsa, Farin Gashi, ya mutu dab da ƙarshen tafiyar. An nuna fim ɗin a Ingila a 1924.

Tsuntsayen da aka tara kuwa ba su daɗe a Tring ba. A farkon shekarun 1930 Rothschild ya shiga matsin kuɗi, ya sayar da mafi yawan tarinsa, fatu kusan 280,000, ga gidan tarihin halittu na birnin New York. Ɗalibin Kano da ke son ganin abin da Sakari ya feɗe da hannunsa sai ya nemi bizar Amurka.

Buchanan ya rasu a 1954.