PAUL BROWN, MALAMIN DA YA MAI DA FILIN ƘWALLO AJI

Mutanen Amurka suna da wani wasan ƙwallo wanda ya sha bamban da namu. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a ruga, ko a jefa, abokan hamayya kuwa su yi ta ƙoƙarin kā da mai riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe. Cikin waɗanda suka gyara wannan wasa har ya zama ilimi, da wuya a sami wanda ya kai Paul Brown.

An haife shi ran 7 ga Satumba, 1908, a garin Norwalk cikin jihar Ohayo. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Sa'ad da ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo sai aka ga ya faye ƙanƙanta, aka hana shi wasa. Bai yi zuciya ba, ya koma wata jami'a a garin Oxford na jihar, ya yi wasa, ya gama karatu a 1930, ya kama aikin malanta.

A 1932 aka ba shi horon 'yan ƙwallon makarantar sakandare ta Massillon, inda shi kansa ya yi karatu. Cikin shekara tara yaransa suka ci wasa 80, aka cinye su 8, aka yi kunnen doki 2. Ganin haka sai jami'ar nan da ta raina shi ta kira shi a 1941, shekara ta zagayo kuwa ƙungiyarta ta zama zakaran jami'o'in ƙasar duka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya horar da 'yan wasan sojan ruwa a Great Lakes.

A 1946 ya karɓi sabuwar ƙungiyar masu wasa don albashi ta birnin Cleveland, wadda aka sa wa suna Browns. To, a nan ne malantarsa ta fito fili. Kowane ɗan wasa sai ya riƙe littafi ya rubuta dabarun wasa, sa'an nan a yi masa jarrabawa. Akan ɗauki wasa a majigi, a zauna a duba kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar ta ci gasarta sau huɗu a jere, daga 1946 zuwa 1949, ta shiga babbar gasar ƙasa ta cinye a 1950, da 1954, da 1955.

Har wa yau akwai abin da ya fi kofi. A zamanin an daɗe ba a ɗaukar baƙar fata a manyan ƙungiyoyi. Brown ya ɗauki Bill Willis da Marion Motley a 1946, domin ya san gwanintarsu. Sun sha zagi, har an yi musu barazanar kisa, amma ya riƙe su, su kuma suka fid da shi kunya.

Amma fa mutum tara yake, bai cika goma ba. Brown ba ya son shawara, kowace dabara daga bakinsa take fitowa. A hankali manyan 'yan wasansa suka gaji, ya kuma saɓa da Art Modell wanda ya sayi ƙungiyar a 1961. Cikin Janairu 1963 aka sallame shi daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa. Ya shekara biyar ba ya horar da kowa, sa'an nan a 1968 ya fito da wata sabuwa, watau Bengals ta Cincinnati, ya horar da ita har 1975. Ya rasu ran 5 ga Agusta, 1991. Almajiransa irin su Don Shula, da Chuck Noll, da Bill Walsh, kowannensu ya ci babban kofin ƙasar.

Malamin da ke tsaye gaban yara a Gozaki, ko Funtuwa, ko Malumfashi, yana da abin dubawa a nan. Shiri da rubutu da gyaran kuskure su suka ɗaukaka mutumin nan, ƙin sauraron na ƙasa da shi kuwa shi ya raba shi da gidan da ya gina.